Hayaƙin Ƙarya a Tsibirin Kififiya

Ranar Asabar ce, da ƙarfe tara da kwata na safe, na kunna hayaƙin ƙarya a Tsibirin Kififiya. Na san ranar, na san sa'ar, domin ni mace ce mai rubuta komai. Ku ba ni aron kunnuwanku, ya ku matafiya da mazauna, ku ji labarin wadda ta auna kogi ta san zurfinsa, ta auna iska ta san gudunta, amma ba ta auna abin da hannunta zai jawo ba.

Sunana Furera. A duniyar da ake cin tuwo, ma'aikaciya ce ni a ɗakin gwajin ruwan sha, shekarata arba'in da huɗu. A ɗaya duniyar kuwa, wadda ake shiga ta kwamfuta, 'yar fito ce ni a Ƙasar Koguna Tara. Wasa ne na intanet, amma ƙasa ce mai faɗin gaske, mai dazuzzukan da itatuwansu ke sauya wuri, da kasuwannin da ke ci a kan ruwa. Rana tana fitowa can lokacin da take fitowa a nan. Dubban mutane ke shiga daga Kano da Damagaram da Kumasi, kowa da jikin da ya zaɓa, muna jin muryar juna. Mu da muke shiga mu fita ana ce mana baƙi. Waɗanda masu wasan suka ƙera a ciki, babu mutum a bayansu, ana ce musu 'yan ƙasa. Kowace ƙungiya kuwa ɗan ƙasa ne ke shugabancinta, ko ta maƙera, ko ta mafarauta, ko tamu ta masu fito.

Shugabarmu ita ce Magajiya Marka, doguwar tsohuwa mai gora a hannu, tana zaune bisa wani kifaffen turmi a bakin kogi na farko. Ba ta barci, ba ta zuwa biki, ba ta da ɗan lele. Kowace safiya takan raba mana mashigai, kowa da inda zai ƙetare da mutane. Ba ta kama suna a rana ɗaya: sai ka yi kwana arba'in kana aiki a ƙarƙashinta kafin ta daina ce maka baƙo. Tana da al'ada guda da kowa ya sani. A ƙasar nan ba a iyo, wanda ya faɗa ruwa ya rasa jikinsa da duk abin da ya tara. Saboda haka duk ɗan fiton da jirginsa ya fashe ya maƙale a wata gaɓa, sai ya kunna ɗanyar ciyawa. Da ta hango hayaƙi, ko daga ina ne, sai ta tashi da kanta ta je ta ɗauko shi.

A cikinmu akwai Baba Tanimu, tsohon direban babbar mota daga Gusau. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, 'yarsa Hanne ta haɗa masa wasan don ya rage zaman shiru. Da hannun hagu kaɗai yake tuƙi, jirginsa kullum a karkace yake tafiya kamar kaguwa. Magajiya ta ba shi Mashigin Tsamiya, inda ruwa ke kwance, kuma kowace safiya da bakwai sai ta ce, "Tanimu, ka tashi lafiya? Tsamiya na jiranka. Kada ka yi sauri, ruwa ba ya ƙarewa."

Wata rana na tsokane shi na ce, "Baba, ka san dai ba mutum ba ce ko?"

Ya yi dariya ya ce, "'Yata, mota ma ai ba mutum ba ce, amma shekara talatin ina gaishe ta kafin in tayar. Tun da na kwanta, biyu ne ke cewa wani abu na jirana: likita da Magajiya. Na likita allura ne."

To, ni ina da littafi. Wata huɗu ina rubuta duk motsin Magajiya: ƙarfe nawa ta tashi, minti nawa ta yi a ruwa, me ta ce da wa. Ba da wata niyya ba, hali ne kawai. Wannan halin ne ya kai ni Dutsen Dokoki, can bayan kogi na takwas, inda aka sassaƙa ƙa'idodin ƙasar. Wani zalɓe ne ke gadinsa, tsawonsa ya kai rimi, yana caccake duk abin da ya yi sauri. Jarumai da yawa sun ruga da takubba, ya haɗiye su. Ni na zauna yini guda ina kallonsa, na lura sai ya ƙifta ido sau ɗaya a kowane numfashi goma. Na riƙa yin taku ɗaya a kowace ƙiftawa, na wuce ta tsakanin ƙafafunsa. A fuskar dutsen na karanta: "Turmin da aka bari babu kowa daga hantsi zuwa azahar, na wanda ya hau ne." Na ga wata 'yar hanya ta zagaya bayan dutsen, amma na riga na sami abin rubutawa, sai na juyo.

Na duba littafina. Magajiya ba ta taɓa wuce sa'a guda a wajen ceto ba, don gorarta ta fi iska sauri. Wuri ɗaya ne kawai zai ci mata sa'a huɗu, wato Tsibirin Kififiya, wanda ba tsibiri ba ne, wata ƙatuwar kififiya ce da daji ya tsiro a bayanta. Tana yawo a hankali, kuma duk Asabar ta uku takan kai bakin teku.

Na yi kuskuren nuna wa Nafi'u. Injiniya ne a Abuja, mai kaifin kai da saurin baki, ya fi kowa iya tuƙi a cikinmu.

Ya ce, "Anti! Kin san abin da kika tono kuwa? Mutum da ransa da digirinsa ya zauna yana karɓar umarni daga abin da ba ya cin tuwo! Ke ki kunna, ni in hau."

Na ce, "Ni ba sarauta nake so ba."

"To me kike so?"

Ku zan gaya wa, ba shi ba. So nake in ga ko lissafina daidai ne. Shi ke nan dalilina, ba ni da wani.

Kwana biyu na yi a hanya. Na ratsa Kogin Madubi, inda ruwa ke nuna maka gaɓar da babu ita, sai da na rufe ido na bi ƙidayar bugun filafilina. Na ratsa garken dorinai masu barci a jere kamar gada, na ɗaga filafili na bar ruwa ya ja ni, don ko tari aka yi sukan farka. Da safiyar Asabar na hau bayan kififiyar, na tura jirgina cikin ciyayin da ke ƙarƙashin wuyanta, na rufe shi da ganye. Sannan na tara ɗanyar ciyawa na kunna.

Sa'a biyu da minti shida, sai ga ta. Na duba agogo kafin in dubi fuskarta.

"Furera 'yar awo, kin ji ciwo?"

"A'a, Inna."

"Ina jirginki?"

"Ya fashe."

"Itace ne, a sassaƙa wani. Shigo. Ba a barin ɗan fito a tsallake."

Na shiga. Ta miƙo mini bandar kifi. Muna cikin tafiya ta waiwayo ta ce, "Yau kin yi shiru. Kullum sai kin tambaye ni zurfin ruwa." Ta nitsa gorarta ta zaro. "Zurfin nan gaba bakwai ne. Rubuta."

Na rubuta. Yana nan a littafin har yanzu, da rubutun da ya karkace.

Mun iso an yi kiran azahar da minti goma sha ɗaya. Lissafina daidai ne. Nafi'u na bisa turmi, abokansa na ta ihu. Gorar ta zame daga hannun Magajiya ta tafi hannunsa da kanta. Tsohuwar ta tsaya tana duban mutanen da ta sani shekara da shekaru, kamar wadda ta sauka a tashar wani gari.

Baba Tanimu ya matso da karkataccen jirginsa. "Magajiya! Me ya faru?"

Ta ce, "Sannu, baƙo." Ta bi gaɓa ta yi yamma, ba ta waiwayo ba.

Baba Tanimu ya bi ta da kallo. Can ya juyo gare ni. "'Yata, jirginki ne ya fashe?"

"E, Baba."

"Allah ya tsare gaba. Gwamma sarauta ta tafi da a bar ki can."

Na kashe kwamfutar. Mako biyu ban kunna ba.

Kada ku ɗauka Nafi'u mugu ne. Aiki ya zo yi. Ya tsara jadawali, ya auna minti nawa kowa ke yi a mashiginsa. Baba Tanimu na yin tara inda wasu ke yin uku, sai aka ba wani Tsamiya, aka ce da shi, "Baba, ka huta, mun naɗa ka mai ba da shawara." Babu wanda ya taɓa neman shawarar. Kuma da yake Nafi'u ya san yadda ya hau, bai yarda turmin ya zauna babu kowa ba. In zai tafi ofis sai ya ɗora abokinsa, da sharaɗin ko gobara ake yi kada ya sauka.

Duk wannan a bakin Hanne na ji, ranar da ta kira ni a waya ina tsakiyar gwajin ruwan wata rijiya.

"Anti Furera, Baba ya ce in naɗe kwamfutar in sa a akwati. Da can shida ta yi yake cewa a tayar da shi a jingina shi. Yanzu sai hantsi yana kallon bango."

Ta kara masa wayar. Ya ce da yake ba shi da mashigi, sai ya fita yawo shi kaɗai, jirgin ya daki dutse, ya maƙale a wani tudun yashi. "Kwana huɗu ina hura wuta da hannu ɗaya, 'yata. Ina ganin jiragenmu suna wucewa, kowa na sauri kada mintinsa ya cika. Ba komai. Dama wasa ne."

Bakina ya buɗe zan faɗa masa gaskiya, amma abin da ya fito shi ne, "Baba, ka ba ni mako uku."

Na sami Nafi'u na ce ya sauka. Ya ce, "Haba Anti, ke fa kika yi lissafin. Kuma ko na sauka, tsohuwar ba ta san hanyar turmi ba yanzu. Wani baƙon ne zai haye, wataƙila wanda bai kai ni ba."

Gaskiya ya faɗa. Sai na tuna da 'yar hanyar nan da ban bi ba.

Na shiga jirgin wani ɗan fito na koma bayan kififiya na ciro jirgina daga inda na ɓoye shi, na nufi Dutsen Dokoki. Zalɓen na nan. Wannan karon na yi gaggawa, na yi taku kafin ya ƙifta, bakinsa ya sauko kamar mashi ya tsaga mayafina. Na daskare a inda nake har numfashi ɗari, sai ya manta da ni. Hanyar bayan dutsen ta gangara cikin ruwa, babu wurin taka ƙafa. Na zauna ina auna ruwan da sanda, kwana biyu, har na gane cewa da rana ta take tsaka kogin yakan juya da baya na ɗan lokaci, ya janye. A rana ta uku na bi laka da gudu, na ɗaga kai na karanta:

"Turmin da aka hau da hayaƙin ƙarya yana komawa ga mai shi, in wanda ya kunna ya faɗa da bakinsa a gaban turmin, mai shi tana tsaye. Wanda ya faɗa kuwa, ba a sake fito da shi."

Ruwa ya dawo ya kama ni a gwiwa kafin in kai tudu. Na zauna na sake karanta abin da na kwafa. A ƙasar da kowane taku goma kogi ne, wanda ba a fito da shi, wato babu jirgin da zai sake ɗaukarsa, ya zama dutse. Shekara uku na yi ina gina Furera 'yar awo. Na rufe littafin na tafi neman Magajiya.

Kwana tara ina yawo. Na je Kasuwar Kan Ruwa, inda rumfuna ke tafiya mai saye na binsu. Na je garin maƙera da ke cikin kogon wani dutse mai numfashi. Na tambayi shugabannin ƙungiyoyi, 'yan ƙasa irinta, kowa ya ce, "Ba mu san mai wannan suna ba." Ƙasar ta fi ƙarfin ƙafata, kwanakina kuma na ƙarewa.

A rana ta goma na buɗe littafina daga farko. Shafi ɗari da ashirin, kuma abu ɗaya ne bai taɓa sauyawa ba a ciki: in ta hango hayaƙi, sai ta zo. An ƙwace mata gora, an ƙwace mata sunaye, amma ban ga inda aka rubuta an ƙwace mata wannan ba. Sai dai hannuna ya ƙi kunna hayaƙi alhali jirgina lafiyarsa ƙalau. Na kira ta da ƙarya sau ɗaya, ba zan sake ba.

A tsakiyar ƙasar akwai wasu duwatsu masu tsini da ake kira Haƙoran Kada, inda ake hango hayaƙi daga kogunan tara duka. Na saita jirgina a kansu, jirgin da na sassaƙa da hannuna na sa masa layukan awo a gefe, na buga filafili da iyakar ƙarfina. Ya tsage biyu. Na tsira da ƙyar bisa wani dutse da bai fi tabarma ba. Na tsinci ciyawar da ruwa ya kawo, na kunna.

Ranar farko jiragen ƙungiyarmu huɗu suka wuce. Ɗaya ya ɗaga murya, "Sai haƙuri, Hajiya, muna kan lokaci!" Rana ta biyu babu kowa. Na ɗauki hutu a wurin aiki, na zauna ina hura wuta da hannu biyu, ina tuna wanda ya yi da ɗaya.

Rana ta uku da hantsi na hango wani abu na tahowa a hankali. Komi ne na shayar da dabbobi, a ciki wata tsohuwa mai warin banda tana tuƙi da ɓallen katako.

"Sannu, baƙuwa. Kin ji ciwo?"

"A'a, Inna."

"Ina jirginki?"

"Ya fashe." Na nuna mata gutsattsarin.

"Itace ne, a sassaƙa wani. Shigo. Ina zan kai ki?"

"Bakin kogi na farko, inda kifaffen turmi yake."

Labari ya riga mu isa. Abokan Nafi'u suka jera jirage goma sha biyu suka datse kogin. Amma ruwan ƙasar nan ba ya yarda a tare jirgin da ya ɗauko wanda aka ceto. Komin na isowa, igiyar ruwa ta watsa su gefe kamar ɓawon gyaɗa, muka wuce ta tsakiya, tsohuwar na ce musu, "Sannunku, baƙi."

Na riga na roƙi Hanne ta fito da kwamfutar ta jingina Baba. Jikinsa na can kan tudun yashi, amma duk abin da aka faɗa a gaban turmi kowane ɗan ƙungiya yana ji.

Nafi'u ya rage murya ya ce, "Anti, tsaya. Zan mayar wa Baba mashiginsa, yau ɗin nan. Ba sai kin ƙona kanki ba."

"In ya sake maƙalewa ranar Talata kana ofis fa?"

Ya gyara zama bisa turmin.

Na juya na fuskanci jama'a. Sun fi ɗari biyu. Na ce, "Ni Furera, ranar Asabar da tara da kwata na kunna hayaƙi a Tsibirin Kififiya, alhali jirgina lafiyarsa ƙalau, na ɓoye shi a ciyawa. Na yi ne don in ga ko lissafina daidai ne. Baba Tanimu, ka tambaye ni, na yi maka ƙarya."

Turmin ya girgiza, Nafi'u ya zame ƙasa. Gorar ta koma hannun da ta sani. Wani ya yi tsaki, wata ta ce, "Kai, Anti Furera, da girmanki!" Ban ɗaga kai ba. Kunnena na wurin murya ɗaya, ta Baba Tanimu, amma ban ji ta ba.

Can daga kudu sai ga wani siririn hayaƙi ya tashi, yana yankewa yana dawowa.

Magajiya ko zama ba ta yi ba. Ta shiga jirgi ta dube ni. "Baƙuwa, hau. Wannan ne fitonki na ƙarshe." Ta ajiye ni a gaɓar da ke fuskantar turmi, wani fili mai ciyawa da ruwa ya kewaye, ta wuce kudu. Minti arba'in da biyu suka dawo, Baba Tanimu na zaune a gaba. Da suka zo daidai inda nake, ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"'Yata, da kin tambaye ni, da na gaya miki za ta zo. Ba sai kin gwada ba."

Washegari da bakwai ta ce, "Baƙo, kai ka riƙe Mashigin Tsamiya." Hanne ta ce tun shida saura ya sa aka jingina shi. Nafi'u ya koma tuƙi a kogi na uku. Ni kuwa babu jirgin da ya sake tsayawa a gaɓata.

Kwana arba'in tana ce masa baƙo, shi kuma yana amsawa. Ranar Alhamis da ƙarfe bakwai da minti biyu na safe ta ce, "Tanimu, ka tashi lafiya? Tsamiya na jiranka." Na ji daga tsallake, na rubuta.